Mu ne manyan masu saye, me ya sa masu kawo mana kaya suke ɓoye mana gaskiya?

Tambaya: Ina aiki a sashen sayayya na wani kamfanin sarrafa abinci. Yawancin masu kawo mana kaya, daga masu buhu da kwali har masu kawo ɗanyen kaya, da mu suka dogara. In muka juya musu baya wasu rufewa za su yi. Duk da haka ba sa gaya mana komai. Ba mu san ainihin abin da suke kashewa ba, ba ma jin labarin matsala sai ranar da mota ta kasa zuwa. Manajanmu ya ce mu ƙara matsa musu, tunda ba su da wurin zuwa. Shin ƙarfin da muke da shi a kansu taimakonmu yake yi ko cutar da mu?

Amsa:

Malam, manajanku bai yi kuskure ba da ya ce kuna da ƙarfi a kansu. Inda ya kauce shi ne zaton da yake yi cewa ƙarfin zai sayo muku abin da kuke nema. Matsi yana sauko da farashi, wannan babu musu. Yana kuma sa mutum ya cika maka fom, ya turo maka lissafi a takarda. Amma abin da kai kake kuka a kai daban ne: mutum ya kira ka tun ranar Litinin ya ce injinsa ya fara tari, kayan Juma'a ba lallai su iso ba, ko ya ce maka, "Kwalin nan da kuke sa mu yi ya fi ƙarfin abin da kuke zubawa a ciki, da za a rage masa kauri da kowa ya huta." Irin wannan magana ba a ƙwatarta. Mai ita ne yake bayarwa in ya ga dama, kuma kafin ya buɗe baki sai ya yi wa kansa tambaya guda: in na faɗa, me za a yi da maganar?

Ka ɗan zauna a kujerarsa. In ya nuna maka abin da yake kashewa, ka san ribarsa ke nan, gobe sai ka yanke farashi daidai wuyan ribar. In ya gaya maka dabarar da ya gano, kana iya kai wa abokin gasarsa ka ce ya yi maka da araha. In ya ce yana da matsala, kafin ya ajiye waya ka fara neman wanda zai maye gurbinsa. Gwargwadon yadda ya dogara da ku, gwargwadon haɗarin da ke cikin kowace kalma da zai furta. Shi ya sa sau da yawa wanda ya fi kowa jin tsoronka shi ne ya fi kowa kama bakinsa.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Richard Emerson, ya rubuta a 1962 cewa ƙarfin wani a kanka daidai yake da dogaron da ka yi da shi, wato yadda kake buƙatar abin da ke hannunsa da kuma wahalar samunsa a wani wuri. Da wannan ma'auni kuna da ƙarfi ƙwarai. Sai dai ma'aunin bai ce komai ba kan yadda za a yi amfani da ƙarfin, kuma a nan ne kamfanoni masu girma ɗaya suke rabuwa. Ba inda aka fi ganin haka kamar masana'antar motoci, domin a can mai sunan da ke jikin motar a hannun wasu yake sayen mafi yawan sassanta, kuma an daɗe ana bin diddigin yadda kowane kamfani yake mu'amala da masu yi masa sassa.

A 1992 General Motors, babban kamfanin motoci na Amurka, na cikin mummunar asara. Aka ɗauko wani ɗan Sifaniya, José Ignacio López, wanda ya yi suna wajen rage kashe kuɗi a reshen kamfanin na Turai, aka damƙa masa sayayya gaba ɗaya. Bai ɓata lokaci ba. Kwangilolin da aka riga aka sa wa hannu ya sa aka sake buɗewa, aka ce kowa ya kawo sabon farashi, zagaye bayan zagaye, mai araha ya ɗauka. Masu yin sassa suka yi ta zargin cewa zanen kayan da suka zuba kuɗinsu da shekarunsu suka ƙirƙira ana ɗauka a nuna wa abokan gasarsu, a ce, "Nawa za ka yi mana wannan?" Kuɗi kam an rage, biliyoyin daloli. López bai cika shekara a kujerar ba. A Maris na 1993 ya koma Volkswagen, aka shiga shari'a kan zargin ya tafi da takardun sirri, ba a kashe maganar ba sai a 1997 da Volkswagen ya yarda ya biya dala miliyan 100, ya kuma sayi kayan dala biliyan 1 a hannun General Motors. Shi ya tafi, abin da masu yin sassa suka koya ya zauna: in ka ƙirƙiro sabon abu mai kyau, kada ka fara kai wa General Motors.

Akwai wani ɓangare na tsarinsa da ya fi komai kama da abin da manajanku yake so. An kafa tawagogin injiniyoyi da suke shiga masana'antar mai kawo kaya, su yi 'yan kwanaki, su nuna masa inda ake ɓarnar lokaci da kayan aiki. A takarda taimako ne. Amma da zarar an ƙiyasta cewa gyaran zai rage kashe kuɗi da kaza, sai a nemi ya rage farashi da kazan. Duk mai hankali ya san abin da zai yi in irin waɗannan baƙi za su zo: a share wuri, a nuna musu layin da ba shi da wani sirri, a yi musu shayi, a raka su bakin ƙofa.

Yanzu dubi Toyota. In dai ƙarfi ne, nasa a kan masu yi masa sassa a Japan ya fi na General Motors, domin da yawansu kusan duk cinikinsu da shi ne, wasu ma yana da hannun jari a cikinsu. Denso, ɗaya daga cikin manyan masu yi masa sassa, daga cikin Toyota ya fita ya zama kamfani a 1949. Kuma kada wani ya ce maka mai sassauci ne. Ragin farashi yake nema a kai a kai, a 2000 ma ya fito da shirin rage kuɗin manyan sassan mota da kashi 30 cikin ɗari. To me ya bambanta?

Shi ya fara bayarwa. Tun 1943 masu kawo masa kaya suke da ƙungiya, Kyohokai, inda ake haɗuwa a tattauna inganci da tsarin aiki. Daga baya ya kafa sashe guda na ƙwararru waɗanda aikinsu shi ne su tare a masana'antar mai kawo kaya, wani lokaci watanni, su koyar da tsarin aikin Toyota ba tare da an biya ko sisi ba. Daga 1977 ya rarraba manyan masu yi masa sassa rukuni-rukuni, kamfanoni kamar biyar zuwa bakwai a kowanne, ana kula kada a haɗa masu gasa da juna kai tsaye. Rukunin yakan zaɓi matsala, ya zauna a masana'antar ɗaya daga cikinsu kimanin wata uku ana gyara tare, sannan a koma ta na gaba. Ƙa'idoji biyu ne suka riƙe abin. Ta farko, wanda ya karɓi taimako dole ya buɗe ƙofarsa sauran su shigo su gani. Ba ka ci na mutane ka rufe naka. Ta biyu, kuma ita ce ƙashin bayan komai, Toyota ba ya zuwa washegari ya ce a ba shi ribar gyaran. Mai masana'anta yana cin moriyar abin da ya gyara na wani lokaci, ragin farashi ya biyo baya ta hanyar da kowa ya riga ya sani. Da mutum ya gane nuna rauninsa riba yake jawo masa, sai ya fara nunawa.

Wasu malaman jami'a biyu, Jeffrey Dyer da Nile Hatch, sun yi wani bincike da nake ganin ya fi dogon bayani amfani. Sun duba masana'antu a Amurka waɗanda suke yi wa Toyota sassa, kuma a ƙarƙashin rufi ɗaya suke yi wa wani babban kamfanin motoci na Amurka irin sassan. Daga 1990 zuwa 1996, kaya masu aibi a layin Toyota sun ragu da kashi 50 cikin ɗari, a ɗaya layin kuwa da kashi 26. Gini ɗaya, manaja ɗaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dalilin da ya hana a kwashe dabarar daga wannan layi a kai wancan: halayen mai sayen ne da kansa suka tare hanya. Yau ya ce a kawo kaza, jibi ya canza; ya dage sai an zuba masa kaya a manyan akwatunan da suka dace da sitonsa, ko da suna dagula aiki a layi. Wato wani kaso na gazawar da kake gani a wurin mai kawo maka kaya, a ofishinku aka haife shi. Kafin ku tuhumi mai kwali da jinkiri, ku ɗauko odar da kuka ba shi a watanni shida da suka wuce ku ƙirga sau nawa kuka canza ta bayan ya riga ya yanka takarda.

Ranar da aka ga amfanin wannan tsari ƙiri-ƙiri ita ce Asabar 1 ga Fabrairu, 1997. Da asuba gobara ta cinye masana'antar Aisin, wani kamfani mai yi wa Toyota sassa, da ke garin Kariya a Japan. A nan ake yin wani ɗan bawul da ke daidaita ƙarfin birki tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ƙarfe ne da bai wuce cikin tafin hannu ba, kuɗinsa 'yan daloli, amma sai an huda masa ramuka daidai wa daida, in an kuskure birki ya ci amana. Kusan duk motocin Toyota daga wannan gini ɗaya suke samunsa, kuma abin da ke ajiye bai wuce na 'yan kwanaki ba, saboda tsarin kamfanin na ƙin tara kaya. Layukan haɗa motoci suka tsaya. Injinan da aka ƙera musamman don wannan aiki sun ƙone, sake su kuwa aikin watanni ne.

Aisin ya ɗauki zanen bawul ɗin, sirrin sana'arsa, ya shiga turawa ta na'urar faks ga duk wanda ya ce zai gwada. Kamfanoni sama da 200 suka sa hannu, kimanin 60 daga ciki suka zauna suna ƙera bawul ɗin da injinan da ba don shi aka yi su ba. Har Brother, mai yin keken ɗinki, yana cikinsu. Wanda ya gano yadda za a huda wani rami ba tare da bakin injin ya karye ba, sai ya sanar da sauran. Ba a tsaya cinikin nawa za a biya ba, ba a tsaya rubuta wa ke da haƙƙin dabarar ba. Kafin mako ya zagayo layukan Toyota sun dawo aiki. Daga baya Aisin ya biya kowa abin da ya kashe, Toyota kuma ya raba wa masu kawo masa kaya kai tsaye kyautar kashi 1 cikin ɗari na cinikin da suka yi da shi daga Janairu zuwa Maris na shekarar.

Ana yawan ba da labarin nan kamar na zumunci. Ni ban ɗauke shi haka ba. Da yawansu in Toyota ya tsaya su ma sun tsaya, kuma kowa ya san ana kallon wanda ya fito da wanda ya noƙe. Ƙarfin Toyota yana nan daram a cikin labarin. Amma tsoro kaɗai ba ya koya wa injiniyan wannan kamfani yadda zai yi magana da na wancan da tsakar dare su fahimci juna. Shekarun da suka yi suna shiga masana'antun juna ne suka yi wannan. Kuma ba wanda zai tsayar da nasa aikin ya kama na wani ba tare da takarda ba, sai wanda ya taɓa gani da idonsa cewa ba a cinye masa haƙƙi.

In wani ya ce maka wannan al'adar Japanawa ce, ka ba shi labarin Chrysler, kamfanin motoci na Amurka. Daga wajen 1990, ƙarƙashin shugaban sayayya Thomas Stallkamp, kamfanin ya rage yawan masu kawo masa kaya, ya tsawaita kwangiloli, ya buɗe hanyar da za su riƙa kawo shawarar rage kashe kuɗi a raba moriyar da su. Shawarwari suka yi ta zuwa dubbai, kamfanin ya zama cikin mafi riba a Amurka a shekarun 1990. Aka haɗe da kamfanin motocin Jamus, Daimler, a 1998, Stallkamp ya bar kamfanin, a ƙarshen 2000 sabbin shugabanni suka ce kowa ya rage kashi 5 cikin ɗari daga Janairu, ba tattaunawa. Abin da aka shekara goma ana ginawa bai jure wannan ba. Japan ɗin ma ba waliyyai ba ne: a Maris na 2024 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta tsawata wa Nissan kan zaftare kuɗin ƙananan kamfanoni 36 da ke yi masa sassa, kimanin yen biliyan 3.

Masana sun daɗe da raba ƙarfi gida-gida. John French da Bertram Raven a 1959 sun lissafa biyar: na tsoratarwa, na ba da lada, na matsayi ko doka, na ƙwarewa, da na ƙima, wato mutane su so a danganta su da kai. Michael Maloni da W. C. Benton sun gwada wannan a masana'antar motocin Amurka a 2000, suka samu cewa tsoratarwa da yawan jan kwangila a fuska suna lalata dangantaka, ƙwarewa da ƙima kuwa suna ƙarfafa ta, kuma ƙarfin dangantakar yana tafiya tare da kyawun aikin ɓangarorin biyu. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne ka tambayi kanka: ban da kuɗin oda, me mai kawo mana kaya yake ƙaruwa da shi don yana hulɗa da mu? In amsar ita ce babu, to ƙarfin tsoratarwa kaɗai kuke da shi, kuma shi ne mafi tsada a cikin biyar ɗin, domin sai kun ajiye masu bincike a kan kowace mota da ta shigo.

Sai maganar biya, wadda a sashenku na abinci ta fi komai. A 2014 Tesco, babban kantin Birtaniya, ya bayyana cewa ya kumbura ribarsa da fam miliyan 263, mafi yawa ta hanyar yadda yake lissafa kuɗaɗen da yake karɓa daga masu kawo masa kaya. A Janairu na 2016 jami'ar da ke sa ido kan mu'amalar manyan kantuna da masu kawo musu kaya, Christine Tacon, ta fitar da rahoto cewa kamfanin yana jinkirta biyan mutane da gangan don lissafinsa ya yi kyau, wasu kuɗaɗen har fiye da shekara biyu. Abin lura, dalilin da ya sa tun farko aka kafa ofishinta a 2013, aka kuma ba shi damar karɓar ƙorafi a asirce, shi ne an san masu kawo kaya ba za su fito fili su yi magana ba don tsoron a daina sayen kayansu. In a ƙasar da ke da irin wannan doka mutane suna haɗiye kukansu, ka ƙiyasta na mai buhun da yake bin ku kuɗin wata uku. Mutumin da kake riƙe da kuɗinsa ba zai zauna ya yi maka tunanin yadda za ka ƙara riba ba. Tunaninsa yana kan albashin ma'aikatansa da kuɗin dizal.

Kuma batun "ba su da wurin zuwa" magana ce ta yau. A Agusta na 2016 wasu ƙananan kamfanoni biyu na rukunin Prevent, ɗaya mai yin rigunan kujeru ɗaya mai zuba ƙarfen giyar mota, suka daina kai wa Volkswagen kaya saboda rikici kan wata kwangila da aka soke. Aiki ya tsaya a masana'antu da dama har da ta Wolfsburg inda ake haɗa Golf, ma'aikata kusan 28,000 abin ya shafa. A 2020 da annobar korona ta shigo, kamfanonin motoci suka soke odar ƙananan na'urorin lantarkin nan da ake kira cif; da suka dawo nema, masu yin su sun riga sun ba wa masu kwamfuta da waya layukansu, kuma sai ga shi kamfanonin motoci da yawa ba su ma san wace masana'anta ce take yi musu cif ɗin ba, don ba su taɓa damuwa su sani ba. Toyota ya fi sauran jurewa a watannin farko, saboda bayan girgizar ƙasa ta 2011 ya bi sawun masu kawo wa masu kawo masa kaya, ya kuma sa a riƙa ajiye cif na watanni. Daga baya shi ma ƙarancin ya cim masa. A gida ma an gani. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a jihar Kano, wadda aka gina don ta ci tan 1,200 a rana, ta fara aiki a 2016, ta yi ta tsayawa, farko saboda tsutsar da ta cinye gonaki, daga baya saboda rashin daidaitawa da manoma kan farashi. Lokacin da tumatir ya cika kasuwa, masana'anta ce mai ƙarfi. Da ya yi wuya, manomi yana da motocin Legas a bakin gona.

Ba ina cewa ku zubar da ƙarfinku ba. Sarƙar masu saye da masu kawo kaya da ba ta da babba mai faɗa a ji ita ma ba ta koyon komai, domin ba mai tara mutane, ba mai kafa ƙa'ida, ba mai hukunta wanda ya ci amana. Kuma kusanci yana da nasa haɗari: gobarar Aisin ta yi barazana ne saboda an ɗora komai a kan gini ɗaya. Ba kuma kowane mai kawo kaya ne ya cancanci wannan ɗawainiya ba. Abin da kowa ke sayarwa a kasuwa iri ɗaya, ku yi cinikinsa ku biya a kan lokaci, shi ke nan. Maganar tana kan mutum biyar ko goma waɗanda in sun yi atishawa injinku yake tsayawa, ko waɗanda ingancin kayanku daga hannunsu yake farawa.

Da ni ne a kujerarka, ba zan fara da neman lissafin abin da suke kashewa ba. Wannan shi ne abu na ƙarshe da mutum yake nunawa, kuma in ka ƙwace shi da ƙarfi, lissafin da aka rubuta musamman dominka za a kawo maka. Zan fara da abin da ke hannunmu. Mu ba su jadawalin abin da muke sa ran saye na wata uku, mu yi alkawarin cewa na makonni biyun farko ba zai canza ba, in kuwa ya canza asarar tamu ce. Mu kira su cikin masana'antarmu su ga yadda buhunsu yake yi a bakin injin cikawa, su ga inda ɗinki yake fashewa. Mai buhu da yawa bai taɓa ganin buhunsa yana aiki ba, "an dawo da kaya" kawai yake ji. In muna da na'urar auna danshi ko ɗakin gwaji, a auna a gaban mai kaya, a nuna masa lambar, a koya wa yaransa aunawa tun kafin su yi lodi. Zaftare kuɗi a bayan idon mutum da sunan danshi ko tsakuwa yana cikin abubuwan da suka fi saurin kashe yarda a harkar hatsi.

Sannan a rubuta ƙa'idar labari mara daɗi, a faɗe ta a gaban kowa: wanda ya sanar da matsala kwana biyar kafin ranar kawo kaya ba tara a kansa, za a zauna a nemi mafita tare, tara tana kan wanda ya yi shiru har mota ta kasa zuwa. Yanzu haka, in ka duba da kyau, mai yiwuwa tsarinku akasin haka yake yi, mai faɗar gaskiya da wuri shi ake rage wa oda, mai shiru kuwa wani lokaci yakan tsallake. Haka batun shawara: wanda ya kawo dabarar da ta rage kashe kuɗi, a faɗa tun farko yadda za a raba, misali rabi da rabi na shekara guda, kuma a rubuta cewa ba za a kai dabararsa wurin abokin gasarsa ba. Adadin rabon bai kai cika alkawarin muhimmanci ba. Ku kuma sani cewa duk abin da kuka yi wa mutum ɗaya, kafin la'asar sauran sun ji, kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ba ya jiran a ce masa ya shafa wa nasa ruwa.

Inda za ka sha wuya shi ne cikin gida. In abin da ake auna sashenku da shi shi ne nawa kuka rage a farashin saye, to kowane jami'i zai zama ƙaramin López ko yana so ko ba ya so, domin asarar da matsinsa ya jawo a littafin wani sashe take fitowa: awannin da inji ya tsaya, kayan da aka dawo da su, motar gaggawa da aka ɗauko da kuɗi ninki biyu. Kada ka je wa manajanku da maganar amana, zai ce wa'azi kake yi. Ka je masa da waɗannan lambobi na shekarar da ta wuce a shafi ɗaya, kusa da abin da aka rage a farashi, ka nemi izinin gwada sabon tsarin da mutum uku kacal. Ka kuma gaya masa tun yanzu cewa ba a wata ɗaya za a ga sakamako ba. Toyota da kansa, da duk sunansa, da ya je Amurka a hankali ya bi: ƙungiyar masu kawo kaya a 1989, cibiyar koyar da su a 1992, rukunonin shiga masana'antun juna sai a 1994. Mutanenku za su fara gwada ku da ƙaramar magana wadda ko an yi amfani da ita a kansu ba za ta kashe su ba, jinkirin kwana ɗaya ko ɗan kuskure a awo. Ka tabbata ranar da wannan kira ya shigo, wanda zai ɗaga wayar ya san sabuwar ƙa'idar, kuma sashen kuɗi ma ya san ta.